Tsarin Ja da Tsarin Matsayi a Haidirolik na Tsofaffin Taraktoci

Haidirolik shi ne tsarin da ke amfani da man da famfo ya matsa domin motsa abu mai nauyi, kuma babban aikinsa a jikin tarakta shi ne ɗaga garma da sauke ta da riƙe ta a inda ake bukata muddin ana aiki. Tsofaffin taraktoci irin su Ford 8N da Massey Ferguson 35 da 135 suna da hanyoyi biyu na wannan riƙo. Ta farko ita ce tsarin ja, wanda a Turance ake kira diraf, inda tarakta ke auna ƙarfin da take kashewa wajen jan garma a cikin ƙasa, ta riƙa ɗaga ta ko sauke ta kaɗan-kaɗan domin wannan ƙarfi ya zauna daidai. Ta biyu ita ce tsarin matsayi, wato fozishan, inda tarakta ke riƙe hannuwanta a tsayin da direba ya zaɓa ba tare da la'akari da taurin ƙasa ko laushinta ba. Famfo ɗaya da bawul ɗaya da silinda ɗaya ne suke yi wa tsarin biyu hidima, bambancinsu kawai shi ne abin da ke mayar da bawul ɗin tsakiya bayan ya buɗe, kuma wanda ya fahimci wannan bambanci zai iya zaɓar tsarin da ya dace da aikinsa, ya saita shi, ya kuma gano inda matsala take idan ta taso.

Asalin tsarin

Taraktocin farko, kamar Fordson da ta fito a 1917, suna jan garma ne da sarƙa ko fin guda ɗaya kamar yadda ake jan amalanke, saboda haka dole garmar ta zo da tayoyinta da nauyinta, tarakta kuma ta yi nauyi sosai kafin tayoyinta su kama ƙasa. Haɗarin da ya fi muni shi ne idan garma ta ci karo da dutse ko kututture, domin a lokacin tayoyin baya kan tsaya cik alhali inji na ci gaba da juyawa, sai gaban tarakta ya tashi sama ta kife ta baya a kan direbanta. Harry Ferguson, wanda aka haifa a 1884 a gundumar Down ta arewacin Ailan, ya shafe shekaru yana neman hanyar da garma da tarakta za su zama jiki ɗaya. A 1925 ya nemi rajistar fasahar da ke daidaita zurfin garma da kanta, a 1933 ya ƙera baƙar taraktar gwaji mai ɗauke da wannan fasaha, sannan a 1936 kamfanin David Brown da ke Huddersfield a Ingila ya soma ƙera ta domin kasuwa.

A 1938 Ferguson ya ƙulla yarjejeniyar baka da Henry Ford, wadda ta haifar da Ford 9N a Amurka a 1939, kuma daga 1946 zuwa 1956 masana'antar Banner Lane da ke Coventry ta ƙera taraktar Ferguson samfurin TE20 fiye da 500,000. Duka waɗannan taraktoci tsarin ja kaɗai gare su. Tsarin matsayi ya shigo ne da Ford 8N a 1947, bayan da dangantaka ta lalace tsakanin kamfanonin Ford da Ferguson har ta kai su kotu, aka sasanta a 1952 a kan dala miliyan 9.25. Ɓangaren Ferguson ya haɗa tsarin biyu a samfurin 35 a tsakiyar shekarun 1950, sannan ya ƙara inganta su a MF 135 da MF 165 na 1964. Samfuran MF 240 da MF 375, waɗanda kamfanin Millat na Pakistan ke ƙerawa kuma ake yawan gani a gonakin arewacin Nijeriya, sun gaji wannan tsari kusan yadda yake, don haka bayanin da ke tafe ya shafe su.

Sassan da tsarin biyu suka yi tarayya a kai

Garma tana haɗuwa da tarakta a wurare uku: hannuwan ƙasa guda biyu waɗanda suke ja, da sandar sama guda ɗaya wadda ke hana garmar kifewa gaba ko baya. Hannuwan ƙasa suna rataye da sanduna biyu a jikin hannuwan ɗagawa, su kuma hannuwan ɗagawa suna kafe a ƙarshen wani shaf mai kauri da ke kwance a gicciye ƙarƙashin kujerar direba. A cikin murfin da ke ƙarƙashin kujerar akwai silinda da fistin, kuma idan mai ya shiga silindar sai fistin ya tura wata gajeruwar sanda, ita kuma ta murɗa shaf ɗin, hannuwa su tashi. Silindar ta gefe ɗaya take aiki, ma'ana mai yana iya ɗagawa amma ba ya iya dannawa ƙasa, saboda haka garma tana sauka ne da nauyinta, tana kuma shiga ƙasa da nauyinta da yanayin kaifin bakinta. Direban da ya tura libar sarrafa hannuwa har ƙasa yana sa ran tarakta za ta danna garma cikin busasshiyar ƙasa yana neman abin da injin ba a gina shi ya yi ba.

Famfon yana zaune a ƙasan gidan giya, nutse cikin man da giya da akselin baya suke amfani da shi, kuma yana da fistin ƙanana guda 4 da ke kai da kawowa. A taraktocin 9N da 8N da TE20 shaf ɗin PTO ne ke juya famfon, wato shaf ɗin da ke fitar da ƙarfin inji ta baya, shi ya sa hannuwa ba sa tashi sai an sa PTO an kuma saki kuloci. Abin da ya keɓanta tsarin Ferguson shi ne cewa bawul ɗin sarrafawa yana bakin da famfo ke shan mai ne maimakon bakin da yake fitarwa. Bawul ɗin ɗan ƙarfe ne mai zamewa da ke da matsayi uku: idan ya zame gefe ɗaya sai ya buɗe wa famfo hanyar shan mai, hannuwa su tashi, idan ya zame ɗaya gefen sai ya buɗe wa man da ke cikin silinda hanyar komawa gidan giya, hannuwa su sauka, idan kuwa yana tsakiya to hanyoyin biyu a rufe suke, famfo yana juyawa ba tare da ya sha komai ba, man da ke silinda kuma ya kulle ya riƙe kayan. Akwai kuma bawul ɗin kariya da ke buɗewa idan matsi ya wuce kima, wanda a 8N yake tsakanin fam 1,500 zuwa 1,700 a kan kowane inci murabba'i.

Yadda tsarin ja yake aiki

Idan garma tana cikin ƙasa, turjiyar ƙasar tana aukuwa ne a bakin garmar, wanda yake ƙasa da finafinan hannuwan ƙasa, saboda haka garmar takan so ta juya a kan waɗannan finafinai, gindinta ya ja baya, kanta kuma ya tunkuɗo gaba. Wannan tunkuɗa ita ce ke bi ta cikin sandar sama ta isa jikin tarakta, inda take tarar da wani sifirin mai kauri a bayan kujerar direba. Gwargwadon ƙarfin turjiyar ƙasa, gwargwadon yadda sifirin ɗin zai matse, kuma motsinsa, ko da yake 'yan milimitoci ne, yana bi ta wata sandar turawa zuwa wasu ƙarafa masu kama da cokali mai yatsu a cikin gidan giya, waɗanda ƙarshensu ke riƙe da bawul ɗin sarrafawa. Libar direba ita ma tana haɗe da waɗannan ƙarafa, don haka inda bawul yake a kowane lokaci sakamako ne na abubuwa biyu: inda direba ya ajiye liba da kuma yadda sifirin ya matse.

Idan direba ya tura liba ƙasa a bakin gona, bawul yakan zame ya saki mai, garma ta sauka ta soma nutsewa, kuma tana nutsewa turjiya tana ƙaruwa, sifirin yana matsewa, ƙarafan suna jawo bawul ɗin sannu a hankali har ya dawo tsakiya, a nan ne garmar ke daina sauka. Idan daga baya ta shiga wuri mai tauri, sifirin zai ƙara matsewa ya wuce da bawul ɗin zuwa gefen shan mai, famfo ya ɗaga garmar kaɗan har turjiya ta koma yadda take, idan kuma ta shiga wuri mai laushi sai sifirin ya saki, bawul ya zubar da ɗan mai, garma ta ƙara nutsewa. Wannan gyara yana faruwa a kai a kai ba tare da direba ya taɓa komai ba, kamar dai yadda manomi mai garmar shanu yake ɗan ɗaga mariƙi idan ya ji shanun sun soma nishi, ya kuma sassauta idan tafiya ta yi sauƙi. Wanda ya tsaya a bayan tarakta lafiyayya tana huɗa zai ga hannuwan ɗagawa suna ɗan motsi sama da ƙasa a tsawon layin, kuma wannan motsi alama ce ta cewa tsarin yana aiki.

Daga nan ake gane cewa libar ja ba zurfi take zaɓa ba, ƙarfin ja take zaɓa. A gonar da ƙasarta iri ɗaya ce, ja iri ɗaya yana haifar da zurfi iri ɗaya, amma a gonar da ta fara daga jigawa ta gangara zuwa lakar fadama, garmar da aka saita a santimita 20 a cikin yashi za ta taso sama da zarar ta shiga laka, wadda aka saita a laka kuma za ta nutse fiye da kima idan ta fito yashi. Wannan ba lalacewa ba ce, halin tsarin ke nan, kuma maganinsa shi ne direba ya ɗan motsa liba a inda ƙasa ta sauya, ya mayar da ita bayan ya wuce.

Babbar fa'idar tsarin ita ce ɗora nauyi a kan tayoyin baya. Tun da man da ke cikin silinda ne ke riƙe da garmar a cikin ƙasa, nauyinta da nauyin ƙasar da ke kanta da jan da bakinta ke yi zuwa ƙasa duk suna komawa kan akselin baya, kuma suna ƙaruwa ne daidai lokacin da aiki ya yi tsanani, wato lokacin da tayoyi suka fi bukatar kama ƙasa. Da wannan dabara ce ƙaramar tarakta kamar TE20, wadda nauyinta bai fi tan ɗaya da 'yan kai ba, take yin aikin da a da sai babbar tarakta. Bugu da ƙari, tunkuɗar sandar sama tana danne gaban tarakta, kuma a tsarin Ferguson na asali idan garma ta daki dutse, matsewar sifirin mai tsanani takan wuce da bawul har ya zubar da mai baki ɗaya, nauyin da ke kan tayoyin baya ya sauka, su riƙa juyawa a banza maimakon tarakta ta tashi ta kife.

Yadda tsarin matsayi yake aiki

A tsarin matsayi ana cire sifirin daga lissafi, a maye gurbinsa da kam, wato wani ƙusumbi mai lanƙwasa da aka yi a jikin shaf ɗin ɗagawa ko a jikin ƙarfen da ke murɗa shi. Wani ɗan fin ko ɗan gare yana tafiya a kan wannan ƙusumbi, kuma yana haɗe da ƙarafan da ke motsa bawul. Idan direba ya ja liba zuwa tsakiyar bakan ƙarfen da take zamewa a jikinsa, bawul yakan buɗe wa famfo, hannuwa su soma tashi, shaf yana juyawa, ƙusumbin yana tura ɗan fin ɗin, har ya mayar da bawul tsakiya a daidai lokacin da hannuwan suka kai tsayin da ya dace da wurin libar. Saboda haka kowane wuri a jikin bakan yana da tsayinsa, kuma idan aka mayar da liba wurin da take ɗazu, hannuwa za su koma tsayin ɗazu. Idan mai ya ɗan zurare daga silinda kayan suka soma sauka, juyawar shaf ɗin za ta sake buɗe bawul, famfo ya cike giɓin.

Iyakar wannan tsari ita ce tsayin da yake riƙewa tsayi ne daga jikin tarakta, ba daga doron ƙasa ba. Garma tana rataye ne a bayan tayoyin baya, don haka idan tayoyin gaba suka hau tsohuwar kunya, gaban tarakta ya tashi, bayanta ya sunkuya, garmar za ta luma cikin ƙasa har inji ya soma shaƙewa, idan kuma tayoyin gaba suka faɗa kwari sai garmar ta fito waje ta bar wuri ba a nome ba. Tsarin ja yana gyara wannan da kansa, domin lumawar garma ƙarin turjiya ce a wurinsa, fitowarta kuma raguwa ce, amma tsarin matsayi ba shi da hanyar sanin abin da ke faruwa a ƙasa.

Libobi a samfura dabam-dabam

A 9N da TE20 liba ɗaya ce kuma ta ja ce, shi ya sa masu su kan ga kayan da ba sa shiga ƙasa ko dai sun tashi har sama ko sun sauka har ƙasa, da wuya su tsaya a tsakiya na tsawon lokaci. Akan magance wannan da sarƙoƙi ko sandunan da ke tsayar da hannuwa a tsayi ɗaya. A 8N akwai ƙaramar liba a ƙarƙashin kujera ta hannun dama, wadda idan tana tsaye babbar libar ta zama ta matsayi, idan kuma aka kwantar da ita ta zama ta ja. A samfurin 35 libobi biyu ne a jere: ta waje ita ce ta ja kuma da ita ake zaɓar zurfi, ta ciki kuma sashen sama na bakanta na matsayi ne, sashen ƙasa kuma yana daidaita saurin amsawa, don haka da ta ciki ake ɗagawa da saukewa a ƙarshen layi. A MF 135 da waɗanda suka biyo bayanta ƙa'idar ta sauya: domin huɗa ana ajiye libar matsayi a wurin da aka tanada domin tafiya da kaya a ɗage, a yi aiki da libar ja, domin aikin matsayi kuma ana jan libar ja har ƙarshen sama, a yi aiki da ta matsayi. Saitin saurin amsawa a wannan samfuri yana jikin murfin gefen dama na gidan giya, kuma aikinsa shi ne taƙaita saurin fitar mai daga silinda, wato saurin da garma ke komawa ƙasa bayan an ɗaga ta.

Tun daga samfurin 35 sifirin ɗin yana jin ja kamar yadda yake jin tunkuɗa, kuma dalilin haka shi ne doguwar garma mai nauyi tana jan sandar sama baya da nauyinta, abin da kan rage tunkuɗar da turjiyar ƙasa ke haifarwa ko ya rinjaye ta. Wannan matsala ce ta sa manyan taraktoci daga shekarun 1960 suka soma auna ja a hannuwan ƙasa maimakon sandar sama.

Zaɓen tsari da saiti a gona

Ƙa'idar zaɓe mai sauƙi ce: kayan da ke aiki a cikin ƙasa, kamar garma mai fukafukai da garmar faifai da garmar huɗa da ƙarfen fasa ƙasa, suna bukatar tsarin ja, waɗanda kuma ke aiki a saman ƙasa, kamar injin feshi da injin watsa taki da injin yankan ciyawa, suna bukatar tsarin matsayi. Haka nan da tsarin matsayi ake ɗaura kaya da kwance su, domin shi ne ke ba da damar motsa hannuwa kaɗan-kaɗan har ramuka su yi daidai da finafinai. Kayan da ke da tayoyinsu na daidaita zurfi, kamar wasu injinan shuka, ana sauke liba har ƙasa ne a bar su su bi doron ƙasa da kansu, sai dai a sani cewa duk nauyin da tayar kayan ta ɗauka an rage shi ne daga abin da zai koma kan tayoyin tarakta.

Wajen ɗaura garma ana fara sa hannun hagu, sannan na dama, domin sandar rataya ta dama ce ke da mariƙin murɗawa da ake ɗaga hannun ko sauke shi, sandar sama kuma ita ce ta ƙarshe. Finafinan girman da ake kira rukuni na ɗaya, wanda yawancin waɗannan taraktoci suke ciki, kaurinsu milimita 22 ne a ƙasa da 19 a sama, kuma bai kamata a maye gurbinsu da ƙaramin ƙarfe ko guntun rodi ba, domin duk wani sako-sako a finafinan sandar sama yana cinye motsin da ya kamata ya isa sifirin. Idan maƙalar sandar sama tana da ramuka fiye da ɗaya, ramin da ya fi nisa da inda maƙalar ke juyawa shi ya fi saurin ji kuma ya dace da aiki mara nauyi, wanda ya fi kusa kuma na huɗa mai zurfi ne. Sarƙoƙin gefe ana barinsu da ɗan sassauci lokacin huɗa, gwargwadon yadda garma za ta iya bin layinta ba tare da ta taɓa taya ba.

A layin farko direba yana tura libar ja ƙasa sannu a hankali yana tafiya har garma ta kai zurfin da ake so, sannan ya matso da ɗan makarin da ke jikin bakan ya ɗaure shi a wurin, domin ya riƙa komawa nan bayan kowace juyawa. A layi na biyu tayoyin dama sun shiga kwarin da aka buɗe, tarakta ta karkata, don haka sai a tsaya a murɗa mariƙin dama har garmar ta kwanta daidai da doron ƙasa. Bayan haka ana duba tsawon sandar sama: idan ta yi gajarta bakin gaba zai fi na baya nutsewa, idan ta yi tsawo garmar za ta zauna a kan dugaduganta ta ƙi shiga. Saurin amsawa ana rage shi idan garma mai nauyi tana tsalle-tsalle tana barin ƙasan kwarin hawa da sauka, ana kuma ƙara shi idan kayan ba su da nauyi ko gonar tana da tudu da kwari. Garmar faifai ba ta jan kanta cikin ƙasa kamar mai fukafukai, da nauyi da kusurwar faifan take shiga, saboda haka idan ta ƙi shiga ƙasar da ba ta sha ruwa ba, abin dubawa shi ne kaifin faifan da kusurwarsu, ba libar ja ba.

Gano matsala

Tun da tsarin biyu sun yi tarayya a famfo da bawul da silinda, matakin farko na bincike shi ne a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Idan duka biyun sun gaza, matsalar tana sassan tarayya ko a cikin mai. Idan tsarin matsayi yana aiki amma na ja ba ya ji, sai a nufi sifirin da sandar turawa. Idan kuma na ja lafiya yake amma hannuwa ba sa bin liba a tsarin matsayi, ko ba sa kaiwa sama, to ɗan fin ɗin da ke bin ƙusumbi ne ya cinye, wanda sanannen ciwo ne a 8N. Sifirin ana gwada shi da hannu bayan an kashe inji an cire sandar sama: a kama maƙalar a ja a tura, kuma bai kamata a ji tana wasa ba. Robar da ke rufe bakinsa idan ta yage, ruwa da ƙura sukan shiga su sa sandar turawa ta yi tsatsa ta maƙale, daga nan tarakta ta daina jin garma ko da kuwa tana ɗagawa da saukewa lafiya.

Idan kayan da aka ɗaga suna sauka kaɗan sannan su zabura sama bayan kowane 'yan daƙiƙoƙi, alama ce ta yoyo a ciki, kuma tsarin matsayi yana ta cike giɓin ne. Ana tabbatar da haka ta hanyar ɗaga kaya mai nauyi a kashe inji a ga saurin saukarsa, sannan a rage mai, a buɗe murfin gefe a leƙa da tocila: man da ke zubowa daga sama yana nuna zobban fistin ko silindar sun cinye, wanda ke tafasowa daga ƙasa kusa da famfo kuma yana nuna bawul ɗin kariya ko na sarrafawa. Ba a sa hannu ta wannan murfi inji na tashe, domin shaf da ƙarafan ciki suna motsi. Ƙarar da famfo ke yi idan hannuwa sun kai sama tana nuna cewa bawul bai koma tsakiya ba, mai yana ta fita ta bawul ɗin kariya yana zafi, kuma wannan na bukatar gyaran saitin liba kafin famfo ya lalace.

Mai shi ne ya kamata a fara dubawa kafin a kwance komai. Idan ya yi fari kamar madara to ruwa ya shiga, galibi ta robobin libar giya da suka tsage ko ta wankin tarakta a rafi, kuma laka da ke taruwa a ƙasan gidan giya ita ce ke toshe matatar famfo a samfuran da ke da ita ta kuma maƙale bawul. Tsofaffin samfura na Ford da Ferguson suna ɗaukar galan 5, kuma an yi su ne domin man giya mara ƙarin sinadarai masu ƙarfi, irin wanda ake kira GL-1, ko man tarakta na gama-gari da ya dace da giya da haidirolik a haɗe. Man da ya yi kauri da yawa yana jinkirta ɗagawa da sanyin safiya, wanda ya yi ruwa-ruwa kuma yana fallasa duk wani yoyo da zafin rana.

Kiyaye lafiya

Ba a shiga ƙarƙashin kayan da mai kaɗai ke riƙe da su, sai an tokare su da ƙarfe ko katako mai ƙarfi, domin taɓa liba ko fashewar zobe ɗaya ya isa ya sauke su nan take. Ba a tsayawa tsakanin tarakta da garma alhali libar ja ce ke aiki, saboda tunkuɗa ko jan da aka yi wa sandar sama na iya sa hannuwa su motsa ba tare da kowa ya taɓa liba ba. Ba a kuma ɗaura sarƙar jan kututture ko motar da ta maƙale a maƙalar sandar sama ko a wani wuri da ya fi akselin baya tsawo, domin kariyar da tsarin ke bayarwa daga kifewa ta dogara ne ga garmar da ke haɗe a wurare uku, kuma yawancin waɗannan taraktoci an ƙera su ne ba tare da ƙarfen kare direba ba. Duk ja irin wannan ana yin sa ne daga sandar ja da ke ƙasa da aksel, da ƙaramar giya, ƙafar direba kuma tana kusa da kuloci.